Gorunan Goggo Biyar

Ina kan keke ina ɗinke wuyan wata riga, hantsi bai gama ɗagawa ba, sai wani ya tare mini haske a bakin shago. Na ɗaga kai na ga Mama 'yar Numan, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na Goggo shekara ashirin da 'yan kai. Ba takalmi a ƙafarta. Haka ta tako daga Limawa har kasuwar Jimeta a cikin zafin bazara. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce da irin Hausarsu, "Tela, tashi. Goggonka ya tafi."

Ƙafata ta ci gaba da taka keke har allura ta fita daga yadin. Sai da maƙwabcin shagona ya dafa kafaɗata ya yi salati, sannan na tsaya.

Ba ta yi jinya ba. Ta yi sallar asuba, ta share tsakar gida, ta zauna a bakin madafi da faifai a cinya tana tsince iri, domin damina ta kusa. Mama ce ta leƙo ta katanga ta gan ta jingine da bango. Faifan bai ko karkace ba.

Kafin azahar gidan ya cika har bakin titi. Ban san Goggo tana da mutane haka ba. Akawuna sun baro ofis da biro a aljihu, ga malaman makaranta, ga wani ɗan sanda, dukansu waɗanda suka ci gugguru a hannunta suna yara, lokacin da take zama da kwandonta a ƙofar firamare. Ɗan sandan ya ce mini, "Ni ko sunanta ban sani ba, Mai Gugguru muke cewa. Amma duk ranar da na fito ban karya ba sai ta gane, ta kira ni. Har yau ban san yadda take yi ba." Matan cocin su Mama suka zo suka zauna a kan benci gefe guda, kawunansu a rufe, har aka ɗauke ta. Wani tsoho kuma ya zo daga Mbamba a kan keke, mai gonar da ke iyaka da tata, wanda suka yi shekara da shekaru suna zage-zage. Ya tsuguna a zaure yana share ido da hula, yana cewa, "To bana da wa zan yi?"

Hamma, wanda muka tashi tare a hannunta, bai samu jana'iza ba. Ranar sadakar uku ya iso daga Maiduguri a motar ofis, da direba. Bayan an yi addu'a, Goni, limamin unguwarmu, ya ce kamar yadda aka saba, duk wanda marigayiya ta ɓata wa rai ya dubi Allah ya yafe mata. Mutane suka amsa ƙasa-ƙasa. Sai Hamma ya gyara babbar riga, ya ɗaga murya yadda na cikin gida ma za su ji, ya ce, "Ni dai na yafe mata, duniya da lahira."

Aka ce masa madalla. Ni na dubi tabarma. Tun daga wannan sa'a na san zan rubuta wannan takarda, don kada maganarsa ta zama ita ce ta ƙarshe da aka ji a kan Goggo.

Goggo yayar mahaifina ce. Ta haihu uku, ba wanda ya kai yaye. Da mahaifiyata ta rasu aka kai ni wurinta, na tarar da Hamma, ɗan Baffa, wanda ya girme ni da shekara huɗu. Kwano ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwana. Ba mace ce mai wasa da yara ba. Sau ɗaya na sa hannu a gorar iri na ɗebi 'yan ƙwayoyi don in gasa, ta riƙe hannun ta buga shi da muciya, ta ce, "Abin da ke kwando naka ne, ka ci har ka yi amai. Abin da ke gora na baɗi ne."

Gorunan biyar ne, a rataye a madafi inda hayaƙi ke dukansu, kowace an cakuɗa ƙwayarta da toka an liƙe bakinta da yumɓu. Duk masarar gugguru ce, 'yar ƙarama mai tauri, wadda ba ta tuwo. Ni a idona bambancinsu launi ne kawai. Ita kuwa tana maganarsu kamar surukai. Fara ta samo ta wurin Mama, daga lambun wata mishan ta wajen Numan. Ita ta fi kowa tashi a tukunya, fari fat kamar auduga, amma raguwa ce, iska kaɗan ta kwanta. Ja wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo mata daga Garwa. Ba ta tashi sosai, amma ko ruwa ya ɗauke kwana ashirin tana nan tsaye. Rawaya daga hannun wani Babarbare mai sayar da kanwa. Baƙa daga duwatsun Mubi, ita ce ƙwari ba sa so. Ta biyar mai ratsi-ratsi, da ita ta zo daga gidansu ranar aurenta, ba ta san inda kakarta ta samo ta ba.

Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta zaɓi mai kyau guda ɗaya ta huta ba. Ta ce, "Mai kyau a wace shekara?"

Wahalarta duk a raba su take. Takan ce, "Masara ba ta san haram ba. Duk wanda iska ta kawo mata, miji ne." Ƙurar nan mai ruwan ƙwai da ke zubowa daga furen kan masara, in ta sauka a gashin goyon wata, an gama. In ta masarar tuwo ce, 'ya'yan za su fito manya, masu kyan gani, amma ba za su fashe ba. Saboda haka ba ta shuka biyu a wuri ɗaya, ba ta shuka biyu a mako ɗaya. Wata a bayan gida a Limawa, wata a ƙofar gonar Mbamba, wata can ƙurya kusa da fadama, ta sa layukan dawa a tsakani kamar katanga. Kuma ba ta taɓa shuka abin da ke gora duka. Kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ya koma madafi. Wannan take kira uwar iri.

Faɗanta da tsohon Mbamba a kan haka ne. Kowace shekara zai shuka masarar tuwonsa a bakin iyaka, ita kuma ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Kai mai gemun akuya, na ce ka matsa da ƙattanka!"

"Gonar ubanki ce? In 'ya'yanki 'yan kulle ne ki gina musu ɗaki!"

A ƙarshe kullum shiryawa suke. Ya jinkirta shukarsa mako uku don furensu kada ya haɗu, ita kuma da kaka ta aika wa jikokinsa kwarya guda. Shekara ta zagayo su sake daga farko, kamar ba a taɓa yi ba.

Amma aure ɗaya takan ɗaura da hannunta. Layi biyu na fara, layi ɗaya na ja. Da furen fara ya leƙo, tun bai buɗe ba, sai ta bi ta zare shi ɗaya bayan ɗaya, ta bar na ja. Goyon da fara za ta yi, ubansa ja ne ba shakka. Abin da ke fitowa in ka shuka shi yakan tsaya kamar ja, ya tashi a tukunya kamar fara, ya kuma fi iyayensa duka biyu yawa. Shi take soyawa ta sayar. Sai dai ba ta ajiye irinsa. Ta ce ta gwada sau biyu, jikokin watsewa suke, wani dogo, wani gajere, wani ya fashe, wani ya ƙi. "Ɗan yana da kyau ne don iyayensa ba su gauraya ba. Ka rasa iyayen, ka rasa shi." Ba ta shiga aji ko na kwana ɗaya ba. Da ido ta gano wannan, da asarar damina biyu.

Ranar da aka samu 'yancin kai aka ce yaran makarantu za su yi maci. Kwana biyu tana soyawa. Ta ɗebo yashin Binuwai ta wanke, ta zuba a tukunyar ƙarfe har ya yi zafin da ba a kai hannu kusa, ta watsa masara, ta juya, ta rufe. Ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano. Ta kwashe a rariya, yashi ya koma tukunya. Daro shida ta cika, ta raba kyauta. Da aka ce mata Turawa za su tafi, cewa ta yi, "Allah ya kai su lafiya. Farata dai ba za su tafi da ita ba."

A wannan shekara Hamma ya tafi makarantar koyon aikin gona. Ita ta yi masa akwati da bargo. Tana alfahari da shi ƙwarai, "Malamina" take kiransa. In ya zo hutu takan zaunar da shi ta ce ya gaya mata abin da littafi ya ce a kan masara. Yakan faɗa, ta ce, "To ai haka nake yi." Shi kuma ya yi dariya. Ban lura da irin dariyar ba sai daga baya.

Shekarar da aka yi jihohi, Yola ta koma ƙarƙashin Maiduguri, Goggo ta faɗo daga bayan a-kori-kura a hanyar Mbamba, ƙugunta ya karye. Ruwan farko ya sauka tana kwance da ɗori. Lokacin Hamma malamin gona ne a nan Yola. Ta sa na sauko da gorunan, ta kira shi, ta yi masa bayani dalla-dalla ina zaune: wacce za ta je ina, wacce za ta riga wacce, kashi nawa zai dawo madafi.

Ya ce, "Goggo, wannan ai aikina ne. Takarda gare ni a kai."

Ta ce, "Na sani, Malamina. Shi ya sa ban ba Tela ba."

Ga abin da ya yi. A ofishinsu an kawo wata sabuwar masara rawaya mai manyan ƙwaya, ana neman gonar da za a nuna wa manoma ita. Hamma ya ba da gonar Goggo, bai tambaye ta ba. Aka shigo da tarakta aka baje iyakokin da ta yi. Aka shuka masarar ofis a tsakiya. Nata biyar ɗin ya sa leburori suka jera su a gefe, layi kusa da layi, rana ɗaya, don masu kallo su kwatanta tsohon iri da sabo. Da layukan ba su cika ba, ya ce a juye gorunan duka.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Ina koyon ɗinki, maigidana ba ya ba da hutu, kuma na ce a raina mai takarda ya fi ni sani. Ban taka Mbamba ba sai da tsohon nan ya aiko a ce in zo in gani. Na tarar gona duka ta yi fure lokaci ɗaya, iska na kaɗawa, ƙura na tashi kamar hayaƙi. Tsohon ya ce, "Shekara goma sha biyar ina jinkirta shukata saboda ita. Ɗanta ya zo ya yi a wuni ɗaya." Na koma gida ban iya gaya mata ba. Kullum ta tambaya sai in ce, "Ta yi kyau." Kuma ta yi kyau ɗin.

Da kaka Hamma ya kawo buhuna a mota, fuskarsa cike da fara'a. Goggo ta fara takawa da sanda. Ta zaro goyo ɗaya ta ɓare. Ƙwaya fara, ƙwaya ja, ƙwaya rawaya mai faɗi, duk a totuwa guda. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in hura wuta.

Al'adarta ce, ba ta yarda da iri sai ta jefa ƙwaya goma a yashi mai zafi ta ƙirga waɗanda suka tashi. Ta san wannan ƙwayar ta bana ba za ta faɗi gaskiya duka ba, ɓarnar a 'ya'yanta za ta fito sosai, amma ta jefa. Wasu suka tashi rabi, wasu suka tsage, wasu suka yi baƙi suna wari. Ta ce, "Ina uwar irin?"

Ya ce, "Wace?"

"Kashi ɗayan da na ce ka mayar madafi."

Ya ce, "Haba Goggo. Dubi buhu nawa na kawo miki. Ba ki taɓa samun rabin wannan ba. Gugguru ai abin yara ne, wa ya taɓa ƙoshi da shi? Kuma irin nan naki ya gaji, ogana ma ya gani da idonsa, na rubuta a rahoto."

Ta ce, "Ka rubuta."

"Na rubuta."

Ta miƙa mini sanda na taimaka mata ta tashi. A bakin ƙofar ɗaki ta juyo ta ce, "Tela, kawo wa malamin gona ruwa, ya sha hanya."

Daga ranar ba ta sake ce masa Malamina ba. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, ba ta kai ƙara wurin Baffa ba. In ya zo za ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ta sa masa abinci a kwanon baƙi mai murfi. Shi ya ɗauki wannan girmamawa ce. Ga mutane kuwa yana cewa tsufa ya kama ta, ya kawo mata ci gaba ta ƙi gode masa. Wannan shi ne laifin da ya yafe mata a gaban Goni. Kafin wata damina aka ƙara masa girma, ya koma Maiduguri.

Da shekara ta zagayo ta shuka abin da ya kawo don ta tabbatar. Ya fito kamar yadda ta ce. Rawaya, baƙa da mai ratsi sun narke cikin masarar ofis, ba a sake ganinsu ba. Shekara biyu ba ta zauna ƙofar makaranta ba. Na taɓa samunta a madafi ta ɗora gorar mai ratsi a cinya, wofi, tana shafa ta. Da ta gan ni ta ce, "Tun kafin a haifi ubanka muke tare."

Fara ta dawo ta hanyar da ba mu zata ba. Lokacin da Mama ta zo Limawa baƙuwa ce, mijinta kuku ne a asibiti, ba wadda ke shiga gidanta. Goggo ce ta fara leƙawa ta katanga ta ce, "Ke, haka ake zama ba gaisuwa?" Mama ta ba ta farar masara, daga baya tata ta lalace, Goggo ta mayar mata da tafi guda. Goggo ba ta sayar da iri, amma ba ta hana wanda ya roƙa, sai dai ta yi masa huɗubar da zai yi nadamar roƙon. Ashe Mama tana shuka tafin nan kowace shekara a bayan bayinta, inda ba masarar kowa kusa. Ta shigo da goyo shida a zaninta ta ajiye gaban Goggo, ta ce, "Ga ɗanka, ya zo gaisuwa." Ranar ce kaɗai na ga Goggo ta yi kuka da sauti.

Ja kuwa ba wanda ke da ita. Matuƙin jirgin ya daɗe da mutuwa. Sai Goggo ta ce jininta yana nan cikin gaurayen, za ta tsamo shi. Ta zauna da faifai tana tsince ƙananan jajaye. Ta sa na ɗinka mata 'yan jakunkuna da ragowar yadin shago. Kafin gashin goyo ya fito sai ta rufe shi da jaka. In furen kan ya nuna, ta karkaɗe ƙurarsa a takarda, ta buɗe jakar, ta zuba wa goyon wannan karan kansa, ta sake rufewa. Da kaka ta gwada kowane goyo a yashi, ta ajiye waɗanda suka fi, sauran ta ba kaji. Masarar tana ƙanƙancewa kowace shekara, mutane na dariya, gonar Goggo mai sa hula. Damina shida tana wannan da sanda a hannu. Gaurayen kuwa ba ta daina shuka shi a Mbamba ba, don kamun koko da abincin kaji. Masarar malamin gona take kiransa.

Sai aka yi farin nan na shekarun baya. Masarar ofis ta ƙone a gonaki tun ba ta yi goyo ba. 'Yar jar Goggo, duk da rashin tsarkinta, ta tsaya. Ta dube ta ta ce, "Kin ga, kin fara tuna ko ke wace ce."

Washegarin sadakar uku Hamma ya kira ni zaure. Ya fara da nasiha, ya ce mu biyu muka rage, mu riƙe zumunci. Sannan ya ce tun bayan fari manyansu sun farka, ana neman tsoffin iri na gargajiya masu jure ƙishi, za a tara a yi musu aure da na waje, kuma shi aka ɗora a kan aikin. Ya gaya wa ogansa cewa a gidansu akwai wata jar masarar gugguru da ya daɗe yana kula da ita.

Na ce, "Da ka daɗe kana kula da ita."

Ya ce, "To, mu. Ai duk ɗaya ne. Na ji ta farfaɗo da ita. Ka ɗebo mini, har da farar in akwai. Za a sa mata lamba, a rubuta a littafi. Kai me za ka yi da ita, Tela? A keke za ka ɗinka ta?" Ya yi dariyar nan.

Na ce, "Sunan wa za a rubuta?"

Ya ce, "Ofis ba ya rubuta sunan tsofaffi. Sunan wanda ya kawo ake sawa."

Na ce ya ba ni zuwa la'asar.

Na shiga rumbu na kwaso masarar malamin gona. Duk wanda ya taɓa ɓare masara ya san ƙwayoyin da ke can tsinin goyo ƙanana ne, zagayayyu, ko da masarar tuwo ce. Na zauna bayan madafi da faifan Goggo, na murje tsinin goyo fiye da ɗari, na tsince jajaye zalla. Na cakuɗa da toka, na zuba a gorar mai ratsi, na liƙe da yumɓu.

Mama ta leƙo ta katanga ta gan ni. Ta san rumbun da na shiga. Ta ce, "Tela, Goggonka ba zai yi wannan ba."

Na ce, "Na sani, Mama."

"To me ya sa?"

Na ce, "Ita ta iya haƙuri shekara bakwai. Ni ba ta koya mini wannan ba."

Ta ce, "Ta koya maka. Kai ne ba ka ɗauka ba." Ta sauka daga katangar. Ba ta tona ni ba, amma mako biyu ba ta amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai.

Na kai masa gorar a tsakar gida. Ana dafa abincin baƙi, wuta na ci, tukunyar yashin Goggo tana jingine a inda take kullum, taku uku daga ƙafarsa. Na riga na yi wa kaina alkawari: in ya ce a jefa goma a gani, zan jefa, in faɗa masa gaskiya a gaban kowa, in ya nemi gafararta ko da a bakin kabari ne, in ba shi tafi guda na gaske. Ya fasa yumɓun, ya zuba kaɗan a hannu, ya hure tokar, ya ɗaga su a rana. Ya ce, "Ita ce. Ko a mafarki na gan ta zan gane ta." Farar na ce ta Mama ce, ya je ya roƙa. Bai je ba. Direba ya sa gorar a bayan mota.

Yanzu damina ta yi tsakiya. Na ji an shuka ta a gonar gwajinsu, an kafa allo da lamba, an rufa mata jakunkunan takarda. Da kaka za a soya a gaban manyansa. Na san abin da zai ce in ta ƙi tashi, domin ya taɓa faɗa: irin tsohuwar ne ya gaji. Don haka nake rubuta wannan tun yanzu, na kuma karanta wa Goni da Baffa da tsohon Mbamba. Abin da ke cikin gorar nan ba irin Goggo ba ne. Masarar Hamma ce, wadda ya haɗa da hannunsa a shekarar da take kwance, na tsince masa ita na mayar masa. Goni ya ce na yi zunubi, in tuba in aika masa da saƙo. Na ce zan tuba ga Allah. Saƙo kuwa, wannan takardar ce, zai same ta bayan an soya.

Ba na cewa abin da na yi yana cikin halinta. Ita mace ce da ta ciyar da 'ya'yan mutane, ta yi faɗanta a fili, ta riƙe abin da aka ba ta amana har ya kai ga na baya. Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci, kada ya kama ta da abin da na aikata da faifanta.

Fara tana bayan gidan Mama, na raba wa mutum huɗu a unguwa huɗu, kowa da huɗubarsa. Ja tana bayan gidanmu, layi tara, uwar irinta na madafi. Wannan makon ta fara fure. Goggo takan bi layi tana murza ganye, tana duban gindi, ta ce wannan, ban da wannan. Ban taɓa tambayarta abin da take dubawa ba, na ɗauka akwai lokaci. Na rufe waɗanda idona ya ba ni. Kafin in shuka na gwada irin da ta bari a faifai, bakwai suka tashi. Kafin ta rasu ta ce mini da saura damina biyu, ko uku, kafin jar ta dawo sak. Cikin goma, uku har yanzu ƙonewa suke yi.